Ba takardar ce ta gaza ba, rubutunta ne

Akwai maganar da masu sana'a ke yi daga Godogodo zuwa Kafanchan, a gidajen burodi da na bulo da wuraren yin ruwan leda: aiki a hannu yake, ba a takarda ba. Wai yaro ya tsaya kusa da oga ya sa ido, gani ya kori ji. Masu faɗin haka ba jahilai ba ne, kuma suna da hujja. Babu rubutun da zai koya wa mutum gane sauyin kukan inji, ko sanin ƙullu ya tashi da taɓawar yatsa. Na yarda da wannan. Inda muka rabu shi ne cewa tunda hannu ya iya, rubuta ƙa'idar aiki ɓata lokaci ne.

Garin Kafanchan kansa shaida ne. Ya bunƙasa ne bayan ya zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, wani ya nufi Kaduna, wani ya hau Jos. Layin guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi. Direbobin jiragen ƙwararru ne, amma ba a bar rayukan fasinja ga ƙwarewarsu kaɗai ba. Akwai rubutacciyar doka: jirgi ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an ba direba izini, komai saurinsa, komai daɗewarsa a aiki. Dokar ba raini ba ce ga gwani. An yi ta ne don ranar da gwani ya gaji, ko ya yi zaton abokin aikinsa ya riga ya duba.

To me ya sa ma'aikatanmu suka tsani takarda? Don mafi yawan takardun ba don su aka rubuta ba. Mai ruwan leda yana neman lambar NAFDAC, an ce sai ya nuna tsarin aikinsa a rubuce, sai ya biya wani ya kwafo masa shafuka da Turanci mai nauyi, a ajiye a fayil har ranar da masu dubawa za su zo. Yaron da ke wanke matata da asuba bai taɓa ganinsu ba. In ya gani ma, sunan da aka kira kayan da shi ba shi ne wanda ake kiransa a ɗakin inji ba. Irin wannan takarda ta cancanci raini.

Sai a ce ai ma'aikatan ba sa karatu. Wannan ma a sake dubawa. A Kudancin Kaduna Hausa ce ke haɗa Bajju da Atyap da Ham da Fulani da Hausawa a kasuwa, da ita ake karanta Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi a majami'u da yawa, kuma wanda ya yi makarantar allo ya saba da bin rubutu layi-layi. Wanda ke karanta saƙo a wayarsa kullum zai karanta layi shida a bango in an rubuta da harshen da yake ji.

Amurka ta gamu da matsalar yadda za a koyar da aiki lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙwararru suka tafi fagen daga aka cika masana'antu da sababbin hannu. Maganin da suka samo mai sauƙi ne, daga baya kamfanin Toyota na Japan ya ɗauka: a raba aiki mataki-mataki, a nuna abin lura a kowane mataki, a faɗi dalili. Dalilin nan shi ne abin da takardunmu suka fi rasawa. "Kashe makunni, ka sa kwaɗo, ka riƙe makullin a aljihunka kafin ka sa hannu a injin niƙa, don kada wani ya kunna bai san kana ciki ba." Wanda ya ji dalilin ba ya tsallake matakin. Kuma ogan da ya iya aikin shi ya kamata ya faɗa a rubuta, a ɗauki hoto da waya a liƙa gefe, sannan a miƙa wa sabon yaro ya bi ba tare da an ce masa uffan ba. Duk inda ya tsaya yana waige-waige, nan ne rubutun ke da gyara.

Batun ya wuce tsaron yatsu, ya kai ga kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, wanda ake zubawa da ƙiyasin ido. Cittar Kachia da Kwoi ma ƙetare take nufa, kuma mai saye a can yana auna danshi, yana neman fumfuna, yana tambayar a kan me aka shanya ta. Wurin sarrafa citta da zai iya nuna masa takarda mai ɗauke da ranar yanka, kwanakin shanya, awon danshi da sunan wanda ya duba kowane buhu, shi ke da bakin yin ciniki in an ce kayansa sun lalace a hanya.