Dodon Japan Ya Raba Kan 'Yan Kallo a Hajj Abdalla

Idan dai ba a manta ba, a shekarar 1954 ne kamfanin Toho na ƙasar Japan ya fara fito da dodon nan Godzilla, shekaru 9 bayan bama-baman nukiliyar da Amurka ta jefa wa Hiroshima da Nagasaki. Sabon fim ɗinsa na 2023, Godzilla Minus One, wanda ya ci kyautar Oscar a 2024, shi ne matasan Hajj Abdalla ke yaɗawa ta wayar salula, har gardamarsa ta iso gidan rediyonmu.

Wasu dattawa da muka zanta da su sun ce dodon tatsuniya ne kawai, ɓata caji ne a garin da wuta ke wuya. Wasu iyaye mata kuwa sun koka cewa rugugin gine-ginen na firgita yaran da suka ji ƙarar bindiga tun faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023.

Sai dai kuma matasa sun ce ba dodon suke kallo ba. Jarumin fim ɗin ya komo Tokyo ya tarar da gida kufai, iyaye sun rasu, ya riƙi marainiya, daga baya talakawa suka haɗa kai suka tunkari bala'in da gwamnati ta kasa. A cewarsu, duk wanda ya dawo Jazira bayan Janairun 2025 ya san wannan labari.

Shawararmu dai, manya su kalla tukuna kafin a nuna wa yara.