Baƙo a Majami'un Damagaram

Tun da 'yan mishan suka sauka Zinder a 1924, Kiristocin Damagaram tsiraru ne, da yawansu baƙi daga Najeriya, Benin da Togo, saboda haka majami'un Fentikos, waɗanda ibadarsu ta ginu a kan waƙa da addu'ar neman waraka, suka mai da karɓar baƙo tamkar farilla. Ranar Lahadi fasto yakan ce sabon zuwa ya miƙe, a tafa masa, a yi musafaha, a tambayi masaukinsa, kafin mako ya kewayo kuwa an ziyarce shi. Ko bayan tarzomar Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u, wannan ɗabi'a ba ta gushe ba.