Tsutsar Tsamiya da Ƴar'uwarta ta Sin

Tsutsar tsamiya ɗiyar wani irin faɗa-wuta ce da masana ke kira Anaphe. Tana cin ganyen tsamiya da na doka, jikinta cike da gashi mai ƙaiƙayi. Ba ta zaman kaɗaici. Da yawa suke tafiya a jere, in lokacin rikiɗa ya yi su saƙa gida ɗaya babba, kowace ta naɗe kanta a ɗakinta daga ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Itacen da take hawa mai kwarjini ne. Daga Kano har Kurfey, ƙasar Filinge, ana ɗaukar tsamiya mazaunin iskoki, shi ya sa ake gudun gindinta da tsakar dare. Gidan tsutsar kuwa dukiya ne: a dafa shi da ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, a kaɗa da mazari. Da wannan zare ake aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga, Yarbawa kuma su saƙa yadin sanyan da shi.

Tsutsar siliki ta ƙasar Sin, wadda aka fara kiwo shekaru kusan 5,000 da suka wuce, ganyen mulberi ne cimarta. Ganyen na ɗauke da sinadarin DNJ, mai hana cikin ƙwari narkar da sukari. Ita ba ya yi mata illa, har tara shi take yi a jikinta. Abincin wani, gubar wani. Masanan Japan sun fitar da sinadarin daga saiwar mulberi a 1976. A hanjin mutum yana jinkirta narkewar sitaci, sai sukarin jini ya hau a hankali bayan cin abinci. Maganin miglitol daga gare shi aka samo, a 2020 kuma Sin ta amince da ƙwayar da aka haɗa daga rassan mulberi don masu ciwon sukari.

Amma kama da wane ba ta wane. Wani jinsin Anaphe da ake ci da damina a ƙasar Ijesha yana jawo karkarwa da tangaɗi, domin yana lalata bitamin B1 a jiki. Tsutsar daji ta zare ce, ba ta maye gurbin maganin da likita ya rubuta.