Kafin Mu Sayo Katin Hoto

Tsofaffin kwamfutocin tebur na makarantunmu a Ikara, Maƙarfi da Kudan kan yi nawa wajen bidiyo da zane. Sabon katin hoto na iya farfaɗo da su, amma kafin a tafi Zariya sayensa, mu duba abu uku don kada kuɗi su salwanta.

Na ɗaya, ramin PCI Express a cikin kwamfutar. Na biyu, wuta: ramin ba ya ba da fiye da wat 75, saboda haka GT 1030 mai cin wat 30 ya dace da ƙaramin akwatin wuta. Na uku, girman gidan. Siriri sai gajeren kati.

Wajen sakawa, mu zare wayar wuta, mu taɓa ƙarfen gidan, domin tartsatsin jiki da hunturu kan lalata kati. Matambayi ba ya ɓata, mu nemi malami.