In naka zai yi gudun fanfalaki a Ikko, ina za ka tsaya?

Kai da ke kai shanu Agege ko albasa Mile 12, wataƙila ka taɓa tarar da an rufe manyan titunan Legas wata Asabar a watan Fabrairu. Ranar gudun fanfalaki ke nan, wanda wasu ke ce wa gudun ya-da-ƙanin-wani. An fara shi a 2016, kuma tsawonsa kilomita 42 da mita 195 ne, kusan tazarar Katsina zuwa Jibiya. A yawancin shekaru ana tashi daga babban filin wasa na Surulere da sassafe, a haye gadar Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic, bakin teku. 'Yan Kenya da Habasha ne ke yawan lashewa, cikin awa biyu da 'yan mintoci. A 'yan gida kuwa, yaran Filato sun yi suna.

To, a ce ɗanka ko ƙanenka ya shiga. Shi ba zakara ba ne, zai iya kwashe awa huɗu, biyar, har shida a kan kwalta. Ina za ka tsaya?

Yawancin mutane kan ruga wurin tashi. A ganina ɓata tafiya ne. A can ƙarfinsa cike yake, ga dubban mutane, da ƙyar ma ku ga juna. Inda yake bukatarka shi ne bayan kilomita 30. Dalili kuwa, jiki na da ɗan rumbun sukari a tsoka da hanta, kuma a irin wannan gudu rumbun kan yi ƙasa wajen nan. Daga nan sai jiki ya dogara ga kitse, shi kuwa kitse a hankali yake ba da ƙarfi. Ƙafa ta yi nauyi, zuciya ta fara cewa a haƙura. Ka san yadda garke ke yi a ƙarshen rani in rijiya ta yi nisa, ragowar tafiyar kaɗan ce amma ita ce mai kayar da saniya. Ga rana ta ɗaga, ga gumin Ikko da ba ya bushewa a jiki saboda laimar teku.

A wannan wurin, muryar da ya sani ta fi ganga. Kira shi da sunan da ake kiransa a gida, da Hausa ko Fulatanci, zai tsinto shi cikin hayaniya. Kada ka ce masa "saura kaɗan" alhali saura kilomita goma, ya fi ka sanin lissafin. Ce masa yana tafiya daidai.

Ku shirya tun daren jajibiri: wane wuri, wane gefen titi, wace riga za ka sa. Ka riƙe lambar da ke ƙirjinsa. Ka nemi taswirar hanyar bana, don akan sauya ta, kuma ka fita da wuri tunda mota ba za ta wuce ba.

Kada ka shiga titi ka bi shi da gudu, za ka iya kayar da wani. Kada kuma ka miƙa masa fura ko wani abin da bai saba sha cikin gudu ba, ciki zai murɗa. Akwai wuraren ba da ruwa a hanya. Amma in ka ga yana tangaɗi, ko ka kira shi ya dube ka kamar bai san ka ba, wannan ya wuce gajiya, zafi ne ya yi masa yawa. Tsayar da shi, kai shi inuwa, a zuba masa ruwan sanyi a jiki, ka kira masu agaji nan take.

In ya gama lafiya, bar shi ya ɗan taka a hankali, ya sha ruwa, ya ci abu mai ɗan gishiri. Motar Arewa kuwa a bari sai gobe ko jibi.