Kuɗin Magani Kafin Gudunmawar Biki

A yawancin gidajenmu na karkara, abin da aka samu da kaka shi ake kasawa tsakanin cefane, kuɗin makaranta, taki da gudunmawar biki ko suna. Idan hannu ya yi ƙasa, maganin mai hawan jini ko ciwon suga ake fara jinginewa, domin mutum kan ji garau alhali awon jininsa ya haura 140/90. Amma yanke magani na iya haddasa shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, waɗanda jinyarsu kan cinye rumbu da garke.

Saboda haka muna shawartar magidanta da su ware kuɗin magani tun ranar da suka sayar da amfanin gona. Zumunci wajibi ne, sai dai mai tafiya ziyara ya riƙe maganinsa da katin asibiti, ya kuma rage gishiri da lemon kwalba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi. Muna kira ga dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi da su tura jama'a cibiyar lafiya mafi kusa domin neman bayanin rajista.