Tsohon Kare Mai Saurin Cizo: Ciwo Ne Ko Hauka?

Sau da yawa akan ga kare ya shekara goma yana tsaron gida, yara na wasa da shi ba ya ko ɗaga kai, amma da tsufa ya kama shi sai ya shiga gurnani yana kai cizo ga duk wanda ya taɓa shi. Abin da maigida kan fara nema shi ne sanda, alhali kuwa galibi ciwo ne ke cin dabbar.

Bisa ga bayanin likitocin dabbobi, manyan karnuka kan fara tsufa tun daga shekara 7. Daga nan amosanin gaɓɓai kan kama ƙugu da gwiwoyi, haƙora su ruɓe, yana ta rufe ido, kunne ya yi nauyi. Karen da ba ya jin takun mutum, in aka dafa shi yana barci, firgita zai yi, kuma ba shi da makami sai bakinsa.

Duka kuwa ƙara dagula al'amarin yake yi. Gurnani gargaɗi ne, kuma karen da ake duka saboda gurnani yakan daina gargaɗin ya koma cizo ba sanarwa. Abin da ya fi dacewa shi ne a ware masa wuri mai inuwa da shimfiɗar buhu, nesa da wasan yara, a buga ƙafa a ƙasa kafin a matso kusa da shi, a ƙyale shi lokacin cin abinci, sa'an nan a kai shi asibitin dabbobi. Kada a ba shi maganin ciwon jiki irin na mutane, domin ibuprofen na iya lalata masa ciki da ƙoda.

To, amma akwai inda ba a jira. Idan halin ya sauya cikin kwana biyu ko uku, yawu na dalala, haushinsa ya canza, yana cizon itace da dutse, to ciwon haukan kare ake jin tsoro, wanda da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum da wuya ya tsira. Sai a killace karen, a sanar da ma'aikatan dabbobi, waɗanda kan sa ido a kansa har kwana 10. Wanda aka ciza kuwa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, ko da karen gidansu ne. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa allurar riga-kafin wannan ciwo, kuma tsohon kare ma yana bukatarta.